Malamin Da Ba Ya Buɗe Littafinsa Duka

Bahaushe gwanin raɗa suna ne. Ya dubi ƙwaron nan mai fukafukai huɗu yana zaune a kan fure, yana buɗe su yana rufewa kamar mai duba takardu, sai ya ce masa malam-buɗe-littafi. Sunan kuwa ya zauna daram. Amma suna ɗaya tak aka ba dangi mai yawan gaske. Mai launin jar ƙasa da baƙi da ɗigon fari, wanda ba ya rabuwa da tumfafiya, malam-buɗe-littafi ne. Babban nan mai baƙi da rawaya wanda tsutsarsa take cin ganyen lemo, shi ma haka. Fararen da sukan taru a bakin laka bayan an ɗauke ruwa, waɗanda tsutsotsinsu suke cin tafasa da rai-ɗore, su ma sunansu ke nan. A Nijeriya kaɗai masana sun ƙirga iri fiye da 1,000.

A cikin wannan babban taro akwai wani ɗan ƙarami mai launin ƙasa, wanda ba ya cika sunan yadda ya kamata. In ya sauka a kan ganye, ko dai ya rufe littafin ruf, ko kuwa ya buɗe rabi: fukafukan baya su kwanta a shimfiɗe, na gaba su ɗaga sama a karkace, sai ka ce jirgin yaƙi yana shirin tashi. Ba shi da ado, ba mu kuma taɓa ganin an zana shi a bangon aji ba. Yawancin mutane in sun gan shi cewa suke yi ƙwaron fitila ne ya yi ɓatan kai da rana. Amma a gonakinmu yake haihuwa, ganyen hatsinmu 'ya'yansa suke ci, kuma saboda shi da ire-irensa akan goya wa yara famfon feshi. Don haka muka ga ya isa a ba shi 'yan shafuka a mujallar bana.

Mu da muke wannan rubutu 'yan ƙungiyar manoma ne ta makaranta, gidajenmu kuwa suna Anka da Bukkuyum da Gummi, a yammacin Jihar Zamfara. Garuruwan nan uku a jere suke daga gabas zuwa yamma, gulbin Zamfara kuma ya ratsa ƙasarsu kafin ya gangara Jega a Jihar Kebbi. Kowannenmu ɗan manomi ne. Mun san gero da dawa a tudu, mun san shinkafa da rake a fadama, mun kuma san ciwon bayan da ake sha a noman firi da maimai. Da muka tambayi dattawanmu sunan wannan ƙwaro, amsa ɗaya suka ba mu, wai malam-buɗe-littafi ne, ƙarami. Sai muka laƙaba masa namu sunan, ɗan-tsalle, gama ba ya lilo a iska kamar 'yan'uwansa. Fit! ya bar nan, kafin ka ƙifta ido yana can, ya sake fit! ya komo kan ganyen da ya bari. Sunan da Turawa suka ba danginsa ma ma'anarsa ke nan, mai tsalle-tsalle. A littattafan kimiyya ana kiran dangin Hesperiidae, iri fiye da 3,500 ne a duniya, namu kuwa shi ne Pelopidas mathias. Rabin sunan na biyu ba zai yi wuyar riƙewa ba a makarantar da ba a rasa Matiyas a kowane aji.

To, ga yadda za ku gane shi. In ya miƙe fukafukansa duka, faɗinsu santimita 3 ne zuwa 3 da rabi, wato kamar faɗin yatsu biyu. Jikinsa kakkaura ne mai gashi-gashi, kansa babba, idanunsa manya baƙaƙe. Kaurin nan na ƙirjinsa tsokar da take kaɗa fukafukai ce, shi ya sa yake da gudun da ido ba ya iya bi. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, wanda bai daɗe da fitowa ba kuwa yakan ɗan yi tsanwa-tsanwa kusa da jiki in rana ta haska shi. A fukafukan gaba akwai 'yan ɗigo farare waɗanda haske yake ratsawa, kamar ɗigon man gyaɗa a kan takarda. A ƙarƙashin fukafukan baya, wato gefen da kake gani sa'ad da ya rufe littafin, akwai ƙananan ɗigo farare a jere a lanƙwashe, da wani guda a keɓe wajen gindin fiffike.

Abin da ya fi kome raba gardama shi ne 'yan ƙahonnin nan biyu da suke kansa. Na sauran malam-buɗe-littafi sukan ƙare da ɗan dunƙule kamar kan ashana. Na ƙwarin fitila yawanci sirara ne kamar zare, wasu kuma kamar gashin tsuntsu. Na ɗan-tsalle suna da dunƙulen, amma bakinsa ya lanƙwashe kamar ƙugiyar masunta, gindinsu kuma ya yi nesa da juna a goshi. In ka ga ƙugiya, ka sami dangin.

Samun dangi daban, samun mutumin da kake nema daban. Namijin mathias yana da wani siririn layi a karkace a tsakiyar fiffiken gaba, daga nan ƙanshin da yake jawo mace yake fitowa. Macen ba ta da layin, sai dai ɗigonta sun fi fitowa fili. Yana da wa, Pelopidas thrax, wanda ya ɗan ɗara shi girma, kuma su biyun sukan sha fure ɗaya. Layin thrax fari-fari ne, na mathias ya fi duhu. Akwai kuma 'yan gidan Borbo da 'yan gidan Gegenes, duk masu launin ƙasa, duk masu cin ciyawa, waɗanda in sun tsufa fukafukansu sun goge ko masanan kansu sai sun kai su ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci. Saboda haka in ɗalibi ya ce muku daga nesa ya gane mathias yana cikin tashi, ku ce masa sannu da ƙoƙari. Wanda ba ya rikitarwa shi ne ɗan mitsitsin nan na gidan Spialia mai zanen zabo, baƙi da ɗigon fari ko'ina. Shi kam yakan buɗe littafinsa sarai a kan ƙasa, tsutsarsa kuma ba ruwanta da hatsi, hankufa da dangin rama take ci.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johann Christian Fabricius, almajirin Linnaeus wanda ya tsara yadda ake ba halittu suna biyu-biyu, shi ne ya rubuta sunan mathias a 1798. A wannan shekara Shehu Usmanu yana Degel, saura shekara shida a yi hijira zuwa Gudu. Ƙwaron da Fabricius ya duba daga Tranquebar ya fito, wani gari a bakin teku a kudancin Indiya wanda a lokacin yake hannun mutanen Denmak. Wato ɗan-tsallen da yake kan gamba a bayan garin Anka iri ɗaya ne da na gonakin shinkafar Indiya. Yana nan a kusan dukan Afirka kudu da Sahara, da ƙasar Larabawa, har can Filifin da Japan. Wani ɗan Denmak ɗin kuma, Torben Larsen, wanda ya rasu a 2015, ya wallafa babban littafi mai juzu'i biyu a 2005 a kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, iri kusan 1,500. Masu irin wannan aiki sun fi son kurmin kudu, musamman duwatsun Oban a Jihar Kuros Riba, inda iri ya fi yawa. Ba mu ga laifinsu ba, gama mai neman zuma inda amya take yake zuwa. Namu na ƙasar ciyawa ba su kai na kurmi yawan iri ba, amma su ne suka san yadda ake jure wata bakwai babu ɗigon ruwa.

Rayuwarsa daga ganyen ciyawa take farawa. Macen takan ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya, ba ta tara su wuri guda. Ƙwan fari ne, mai doro, bai kai ƙwayar gero ba. Bayan 'yan kwanaki tsutsa ta fito, koriya, sumul ba gashi, wuyanta siriri kanta babba, in ta girma kuma za ka ga jan zane a kowane gefen kan. Aikinta na fari gini ne. Takan kama gefunan ganye biyu ta ɗinke su da zaren da yake fita daga bakinta, irin na gizo-gizo. Zaren in ya bushe sai ya takure, ya jawo gefunan su haɗu, ganyen ya zama bututu. A ciki take wuni. Da dare ta leƙo, ta ci ganye daga baki zuwa ciki, ta bar jijiyar tsakiya, kafin gari ya waye ta koma ɗaki. In ta yi girma ɗakin ya yi mata kaɗan, sai ta bar shi ta ɗinka wani. Shi ya sa manomi yakan tarar da ganyen shinkafa a naɗe, gefensa giɓi-giɓi, amma bai ga ɓarawon ba.

Tsutsar nan tana da tsabta, har ta fi wasu 'yan ɗakin kwana da muka sani. Ba ta barin kashinta a ɗaki, cilla shi take yi nesa, ninkin tsawon jikinta sau da yawa. Wata masaniya a Amurka, Martha Weiss, ta bincika dalili a kan wani ɗan-tsalle na ƙasarsu, a 2003 kuma ta nuna cewa rina da warin kashin take gano ɗakin tsutsa. Wadda ta bar ƙazanta a bakin ƙofa ta kira wa kanta ajali ke nan.

Bayan ta yi saɓa 'yan lokuta sai ta daina ci, ta ɗaure kanta da ɗamarar zare a jikin ganye, ta daskare ta zama wani koren abu mai tsini a kai. Haka za ta zauna, ba ci ba sha, mako guda ko fiye kaɗan. Daga ƙwai zuwa mai fiffike wata guda ne da 'yan kwanaki a lokacin ɗumi, saboda haka a damina ɗaya akan ga kaka da jika.

Ba daga littafi kaɗai muka ɗauko wannan ba. A dogon hutu muka yi shawara kowa ya nemo naɗaɗɗen ganye a gonar gidansu, ya sa a gwangwani ko kwalba mai faɗin baki, ya rufe da guntun tsohon gidan sauro, yana sauya ganye kullum. Da muka dawo makaranta muka haɗa labari. Wasunmu sun ga fitowar ɗan-tsalle da idonsu, da sassafe, fukafukansa a jiƙe a cukurkuɗe kamar rigar da aka zaro daga ƙasan akwati. Ya rataye a jikin ganye, kafin a gama karin kumallo sun miƙe sun bushe. Wasu kuwa abin da suka samu daban ne. Tsutsar ta daina ci, ta yi laushi, sai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle farare kamar ƙananan ƙwayoyin shinkafa sun kewaye ta. Bayan kwanaki, daga cikinsu wasu baƙaƙen ƙwari suka fito, kowanne bai kai sauro ba. Wata 'yar'uwarmu daga Gummi ta kawo kwalbarta da fushi, ta ce, "Malam, tawa ta lalace, wasu banzayen ƙudaje suka fito." Malaminmu na aikin gona ya ɗaga kwalbar ya duba a haske, ya ce, "'Yata, ai ke kika fi kowa kamu. Waɗannan su ne 'yan gadin gonar babanki, kuma ko kwabo ba ya biyansu."

Ƙananan dangin rina ne. Uwarsu takan soki tsutsa ta zuba ƙwai a cikinta, 'ya'yan su cinye ta daga ciki. Akwai ma waɗanda suka fi su ƙanƙanta, masu zuba nasu ƙwan a cikin ƙwan ɗan-tsalle tun bai ƙyanƙyashe ba. Babban ɗan'uwansu kowa ya san shi, zanzaro, mai gina ɗakin laka a bangon aji ya cusa tsutsotsi a ciki don 'ya'yansa. (Shi ne dai wanda saboda siririn ƙugunsa ake cewa mu yi zanzaro kafin mu shiga layin safe.) Ban da su ga gizo-gizo, ga ƙoƙi-ƙoƙi, ga mazari a bakin ruwa, ga kwaɗi da ƙadangaru da tsuntsaye. Daga ƙwayayen da mace ɗaya ta ajiye, kaɗan ne ƙwarai suke kai ga fiffike.

Wurin zamansa kuwa, duk inda aka sami ciyawa mai faɗin ganye da hasken rana da ɗan danshi. Tsutsar tana cin gamba da tofa, tana cin shinkafa da dawa da gero da masara da rake, gama dukansu dangin ciyawa ne. A ƙasarmu da wuya ka gan shi da bazara. In ruwa ya sauka a watan Mayu ko Yuni sai a fara ganin ɗaya-ɗaya, daga Agusta zuwa Oktoba kuwa ya cika ko'ina. Da hantsi yakan zauna a kan ganye yana shan rana. Namijin yakan zaɓi ganye guda ya mai da shi fadarsa, duk ƙwaron da ya gifta ya bi shi da gudu, ko da ya fi shi girma sau uku, sa'an nan ya komo. Bakinsa dogon bututu ne siriri, a naɗe kamar gammo a ƙarƙashin kai, yana warware shi ya zura cikin ƙananan furanni ya sha zaƙi, garin haka kuma yana kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan.

In kaka ta wuce tudu ya bushe, sai ya koma fadamun bakin gulbi, inda masu noman rani suke riƙe da kore har bazara. Daga can yake sake bazuwa in damina ta dawo. Tudu da fadama suna ceton juna ke nan. A ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a Gummi a watan Agustan 2024, duk tsutsar da take cikin shinkafar fadama ruwa ya tafi da ita, amma 'yan'uwanta suna kan gero a tudu.

Akwai wuri na uku da ya fi waɗannan biyu muhimmanci a ganinmu, ko da yake ba a cika lura da shi ba, wato gambar da kakanninmu suka bari a kan iyakar gona. Ita ce shaidar inda gonar wani ta tsaya, ita ce zana da jinka, ita ce take tare ƙasa kada ruwa ya kwashe. Mai yankan gamba da kaka yakan bar tushe, baɗi ta sake tohowa. A cikin wannan layin ciyawa ɗan-tsalle yake fakewa sa'ad da gona take fili, a nan kuma 'yan gadin nan na kwalba suke fakewa. Yanzu abu biyu suna cin ta: wutar da ake sa wa daji da rani don farautar gafiya, da maganin kashe ciyawa, wanda mai feshi yakan bi da shi har kan iyaka don kada ya koma gida da saura a famfo. Gona takan yi tas, gwanin kyau a ido, ba kuwa mai tsaronta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Shin ɗan-tsalle abokin gaba ne? Ganye yake ci, ba mu musu. Amma masu binciken shinkafa, har da babbar cibiyar nan ta duniya da aka kafa a Filifin a 1960, suna lissafa shi cikin ƙananan maɓarnata, waɗanda da wuya su rage amfanin gona. Dalili biyu ne. Na ɗaya, maƙiyansa sun yi masa yawa. Na biyu, shinkafa kafin ta yi ciki tana da ganye fiye da bukatarta, in an ci wani sai ta fid da wani. Masu ɓarna ta gaske daban suke. Akwai tsutsar da take huda kara ta shige, har zuciyar dawa ko gero ta bushe a tsaye. Akwai wadda take bin zangarniyar gero tana cin ƙwaya. Akwai kuma baƙuwar nan da ta zo daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Nijeriya a farkon 2016, mai shiga zuciyar masara ta bar kashi kamar garin katako. Ita launinta ƙasa-ƙasa ne da layuka, tana da ɗigo huɗu baƙaƙe wajen wutsiya, ba ta kuma ɗinka ganye. Duk waɗannan 'ya'yan ƙwarin dare ne. Wanda ya taɓa ganinsu tare da koriyar tsutsar ɗan-tsalle ba zai haɗa su ba. Amma daga bakin gona duk ganye ciyayye ɗaya ne, mai sayar da magani a kasuwa kuma ba zai ce maka kada ka saya ba.

Mutanen Indonesiya sun riga mu shan wannan darasi. Sun yi shekaru suna yi wa shinkafa feshi ba ƙaƙƙautawa, maganin ya kashe gizo-gizo da ƙananan rina, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan kara, wanda dā ba a damu da shi ba, ya sami fili ya cinye gonaki. A 1986 gwamnatin Shugaba Suharto ta hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa, aka shiga koya wa manoma su riƙa shiga gona suna duba abin da yake ciki kafin su taɓa famfo.

Ga kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa yake yin feshin? A gidajenmu, mu ne. Ɗan makaranta ya zo hutu, shi ne mai ƙarfi, shi ne kuma ya iya karanta rubutun kwalba, sai a goya masa famfo. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ƙafa ba takalmi cikin ruwan fadama, iska kuwa tana komo da feshin a fuska. Kowannenmu ya san jiri da ciwon kan da suke biyo baya da yamma. Mun ga inda aka ɗauraye kwalbar magani aka zuba man girki, mun ga inda aka wanke famfo a kududdufin da awaki suke sha. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar da ido ba ya gani ba. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka gane abin da yake cin su. Waccan guba daban ce da ta kwalbar feshi, amma ita ma ta hannu da baki ta shiga, kuma ƙanana ta fara kayarwa.

Ba cewa muke yi a jefar da famfo ba. Wanda baƙuwar tsutsa ta kama masararsa, in ya tsaya kallo iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Irin wannan sai ya nemi malamin gona ya faɗa masa maganin da ya dace da yadda ake auna shi. Abin da muke roƙo ƙarami ne, a buɗe ganyen tukuna. In koriyar tsutsa ce sumul a cikin ɗinkakken ganye, kuma jefi-jefi ce a gona, ko dai a murtsuke ta da yatsa ko a bar wa masu gadi. Faɗa wa iyaye wannan magana kuwa sai da ladabi. Ɗaya daga cikinmu, ɗan Bukkuyum, ya durƙusa ya ce, "Baba, da za a bar ni in buɗe ganyen mu gani kafin in haɗa maganin." Uban ya yi dariya ya ce, "Wato bokon naka tausayin tsutsa ya koya maka?" Amma ya bi shi cikin gonar, suka yi ta buɗewa tare, daga bisani ya yarda aka bar kusurwar gabas ba feshi. Da aka zo yankan shinkafa shi da kansa ya tsaya yana neman inda iyakar take.

Saura maganar inda za ku neme shi. Kowa ya san halin da ƙasarmu take ciki. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga sun hana mutane gonakin da suke nesa da gari, da yawa daga cikinsu gamba ta rufe su. Ɗan-tsalle ya sami fili a can, mai gona kuwa yana cikin gari yana awon hatsi da tiya. Kada wani ya ce don ya karanta wannan rubutu zai shiga daji neman ƙwaro. Ba bukata. Yana nan a gonar makaranta, yana bayan ɗakin girki inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa ciyawa ta yi kore, yana kan furannin da suke gaban ofishin shugaban makaranta. A gida kuma ku duba bakin rijiya da lambun bayan gari. Mai waya ya yi ƙoƙari ya ɗauki hotonsa ta gefe sa'ad da ya rufe littafin, don a ga ɗigon ƙarƙashi, ya rubuta kwanan wata da wurin da irin ciyawar, ya kawo wa ƙungiya. Waɗanda ake jin Fulatanci ko Dakarci a gidajensu su tambayo mana kakanninsu ko yana da suna a can.

Watan Oktoba ya fi, tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe. Ku matso a hankali ta gefen da inuwarku ba za ta faɗa kansa ba. In ya yi fit ya ɓace, kada ku bi shi. Ku tsaya cik, ku zuba wa ganyen da ya bari ido.